Tafi Ɗaya a Ɗakin Kakana

Shagon bulo na kama, bakin titin Taura,
siminti ko'ina, kwano a ka.
Na tafa hannu sau ɗaya don in ji halinsa,
sai bango ya tafa mini sau huɗu,
kamar yaran da aka ce su yi shiru suka ƙi.
Kowace kalma ta fita sai ta dawo da ƙanwarta,
kalangu ya zama hayaniyar kasuwar Gujungu.
In ruwa ya sauko kuwa, kwanon ne mawaƙi,
mu 'yan amshi.

Na bi masu shayi ina roƙon kiret ɗin ƙwai,
na manna ɗari da sittin, da ƙusa da gam.
Sun yi kyau a hoto. Kunne bai yarda ba.
Siririyar murya sun ɗan sha,
amma rurin ganga, mai maƙalewa a kusurwa
kamar bijimin da ya ƙi barin turke,
ko gezau.

Inna Tabawa ce ta ce, tana tsince wake:
"Kai mai neman inda magana ke zama,
ɗakin kakanka fa? Shekara arba'in
ba a taɓa jin sirrinsa a tsakar gida ba."

Ginin tubali ne, kauri kamu biyu,
azara a sama, daɓe a ƙasa,
babu bango biyu da suka miƙe daidai,
don magini da ido ya auna, ba da igiya ba.
Na tafa.
Tafin ya tafi, bai bar komai ba sai ɗan ɗuminsa.

Sai zari ya kama ni.
Na jingina katifu, na rataya barguna,
na tara buhunan ƙaiƙayi kusurwa huɗu,
na toshe taga da tsumma har iska ta yi zuciya.
Shiru ya yi kauri, ina jin jinina a kunne.

Ran Laraba Sallau mai gurmi ya iso,
daga Majiya, a bayan babur.
Ya zauna gaban makirfo, ya taɓa tsirkiya,
ya buɗe baki, baiti ɗaya, ya tsaya.
"Yaro, wa ya mutu a nan?
Ina jefa murya kamar guga a ƙafaffiyar rijiya.
Ni ban saba waƙa ni kaɗai ba,
ko a daji dutse kan amsa mini."

Na cire bargo ɗaya. Ya gwada, ya girgiza kai.
Na janye katifar gabas, jar ƙasa ta fito
da sawun yatsun wanda ya yi yaɓe.
Buhunan na bari, su ke riƙe da ruri.
Na naɗe rabin tabarma, daɓe ya samu baki.
Ya sake taɓawa.
Wannan karon amo ya je ya gai da bango,
ya dawo da ladabi, bai zauna hira ba.
Sallau ya lumshe ido:
"Yawwa. Yanzu da mutum a ɗakin."

Mun ɗauka bayan isha, da injin niƙa ya kwanta,
janareta can bayan rumbu, waya taku hamsin.
A waƙa ta uku jakin maƙwabta ya sa baki,
muka sake.
A ta biyar gyare ya shigo ta ƙasan ƙofa,
Sallau ya ce a bar shi, ɗan gari ne.

Yanzu in na sa abin ji a kunne
uku nake ji: gurmi, da tsoho,
da wani na ukun da ba ya waƙa,
yana dai tsaye bayan kowace kalma,
ya riƙe ta rabin numfashi, sannan ya sake ta.
Inna ta ce haka kakana yake sauraro:
ba ya katse ka, ba ya maimaita ka,
amma ka san yana nan.